Cigiyar Kayan Mutanen Sama

A shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai ina da jakai uku, da mata mai ciki, da kaka mai bakin tsiya, kuma ban san akwai abin tsoro a duniya da ya wuce kura da ɗan doka ba. Sana'ata sufuri. In ɗauko dawa da man shanu daga wajen Kebbe in kawo Tambuwal, in koma da gishiri da kanwa da duk saƙon da aka ba ni. Hanyar na san ta kamar tsakar gidanmu, har jakaina ma sun san inda nake tsayawa in sha fura.

Wata rana da hantsi, damina ta yi nisa, dawa ta fara fitar da kai, ina dawowa daga Kebbe, sai jakin gaba ya tsaya cak. Wannan jakin ba ya tsayawa sai don ciyawa, saboda haka na ɗaga sanda. Sai na ga abin da yake kallo. Wani farin ƙyalle ne ya sarƙe a reshen kaɗanya, igiyoyi sirara sun sauko daga jikinsa, a ƙarshensu wani ɗan akwati yana lilo. Bai fi tulun yara girma ba, launinsa na sabon kwano. Na waiga gabas, na waiga yamma, babu kowa, babu sawun kowa.

Abin da ya zo mini a rai shi ne wani Bature mai rangadi ya yar, ko wani ayari, iska ta ɗaga shi ta rataye. Na hau itacen na warware shi. Akwatin ba nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya. Da na sauko na faɗi abin da mahaifina ya koya mini tun ina yaro, na ce na ɗauka ne don in mai da wa mai shi. Na naɗe ƙyallen na cusa a mangala, muka ci gaba da tafiya.

Dole in tsaya a nan in yi bayani, don yaran yanzu in sun tsinci abu aljihu ne hukuncinsa. A wajenmu, in ka ga abu a hanya ka wuce, babu ruwanka. In kuwa ka sa hannu ka ɗauka, ya zama amana a wuyanka. Za ka ajiye shi inda kake ajiye naka, ka yi ta cigiya a kasuwa da ƙofar masallaci har shekara ta kewayo. Ba ka faɗin kamanninsa duka, sai mai shi ya zo ya siffanta, ka miƙa masa. Ba ka jefarwa, ba ka mayarwa inda ka gan shi. Mahaifina ya taɓa riƙe linzamin wani baƙo har ya yi tsatsa a hannunsa, kuma da wannan aka san gidanmu.

Na iske matata tana kaɗi a gindin rumbu. Ita 'yar Kebbe ce, kuma duk unguwarmu babu mai zarenta. Na shimfiɗa mata ƙyallen ina jiran ta yaba. Ba ta ko dube shi ba, igiyar ta kama. Ta ja ta tsakanin yatsunta tun daga sama har ƙasa, ta sake ja, sai na ga fuskarta ta canza.

"Maigida, wanga zare ba hannun mutum yak kaɗa shi ba."

Na yi dariya na ce ai injin Turawa ne.

"Na san zaren kanti," in ji ta. "Ko shi shina da gashi. Wanga ba shi da kauri, ba shi da siranta, ba shi da inda anka ƙulla."

Ta miƙa hannu murhu ta ɗauko garwashi da ɗan kara, ta taɓa bakin igiyar da shi. Auduga in ta ga wuta ci take yi ta zama toka. Wannan bai ci ba. Ya janye jikinsa, ya nannaɗe, ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai wari irin wanda ba mu taɓa ji ba. Ta goge yatsunta a zane, ta ce in fitar da shi daga inda take kwana. Na sa shi a cikin rumbu, a kan dawa, ina yi mata tsiya cewa ciki ne ya sa mata tsoro.

Ranar kasuwa na ba sankira, mai shelar kasuwa, goro, ya ratsa rumfuna yana ɗaga murya: wanda ya batar da ƙyalle da akwati a hanyar Kebbe ya zo ya siffanta. Ina biye da shi ina baza kafaɗa, don ina son a ga ɗan wane ya gaji ubansa. Mun kai wajen masu nono sai wani dattijon makiyayi, wanda na sani da gani a dajin Kebbe, ya kama hannun rigata ya tambaye ni ko a kan kaɗanya na same shi. Na ce e, naka ne?

Ya saki rigata kamar ta ƙone shi.

"Yaro, abin ga ba daga bayan jaki yaf faɗo ba. Mun ga saukowatai da rana tsaka. Daga sama yas sauko, sannu sannu, shina rangaji. Babu jirgi, babu ƙara, babu hadari. Shanu sunka watse. Ranar munka tashi ruga, ko kwana ba mu ƙara ba." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai kuwa gida kak kai shi?"

Matan da ke wurin duk sun ji. Kafin in kai bakin kasuwa labarin ya riga ni isa.

Ba a banza tsoro ya kama mutane ba. A daminar nan ne aka fara ganin wani tauraro mai tafiya. Da an idar da magariba sai ya ɓullo, ya ratsa tsakiyar 'yan uwansa ba gudu ba tsayawa, ya ɓace. Akwai akwatin rediyo a shagon wani ɗan kasuwa, inda ake taruwa da yamma, kuma a nan aka ji cewa Turawa ne ke harba abubuwa sama. Wasu suka yarda, wasu suka ce wane mutum. To malamin elementare, wani saurayi mai son a san ya yi karatu, shi ya ƙara gishiri. Ya ce manyan masanan Turawa da kansu suna zaton akwai wasu halittu a kan taurari, kuma in sun kai ga iya zuwa nan, to sun fi Turawa sani yadda Turawa suka fi mu. Aka kira shi ya ga akwatin. Ya leƙa cikinsa ta wata ɓula, ya ga wayoyi ƙanana kamar jijiyar ganye, ya juya shi yana neman rubutu bai samu ba. Ya ce shi dai bai taɓa ganin irinsa a littafi ba. Ya wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya tafi, kuma wannan wankin hannun ya fi duk abin da ya faɗa tsorata mu.

Sai da ya fita kakata ta yi magana. Ita ta yi wayo kafin zuwan Turawa, ta ga shigowarsu da idonta, kuma ta riƙe ni tun rasuwar iyayena. Da wasa take kirana mijinta.

"Mu ma hakanan munka fara," in ji ta. "Guda yaz zo, shina kallon itace, shina tambayar sunan gulbi. Anka ba shi ruwa, anka yi mai dariya. Da anka kwana biyu sai ga 'yan uwanai da bindiga mai ruwa. Yanzu waɗanga na ɗaure kaya su tafi, ga wasu sun aiko da ɗan kallonsu." Ta tofar da goro. "Kuma duk faɗin duniya ba su sami wawan da za shi ɗauko musu shi hag gida ba sai mijina."

Na yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Tun daga ranar ban ƙara fita tsakar gida ban ɗaga kai sama ba.

Dattawan unguwa suka kira ni zauren liman. Maganarsu ɗaya ce, a daina cigiya. Wani ya ce in mutum ya san zaki ya yar da abu ba ya bin daji yana kiransa. Wani ya ce a haƙa rami a binne, wani ya ce a kai gulbi. Mai unguwa, wanda ya ƙi matsowa kusa da ni, ya ce wannan ba maganar sarauta ba ce, ta malamai ce. Duk aka juya ga liman.

Liman tsoho ne mai sanyin magana, kuma na san shi ma tsoron yake ji. Ya ce aljannu ba su da bukatar akwati da igiya, saboda haka a bar maganarsu. Ya ce Ubangijin da ya yi taurari bai gaya mana duk abin da ya zuba a cikinsu ba. In akwai masu shi, to bayin Allah ne, kuma kayansu nasu ne. Bai ga inda aka ce cigiya ta faɗi don mai kaya ya fi ka ƙarfi ba.

Na ce, "Allah gafarta malam, in sun ji kiran sunka zo fa?"

"Ka miƙa musu abinsu."

"In na binne shi fa?"

Ya ce, "In ka binne, sunka zo sunka tambaya, mi za mu ce musu? Farkon abin da za su sani game da mu ke nan, cewa mun ga kayansu mun ɓoye."

Taro ya watse. Na fito daga zauren na gane babu hanyar da ba ta bi ta ƙofar gidana ba. In na riƙe, wajena za su zo. In na yar, ni za a nuna musu.

Ba a yi mako ba sai ga surukina daga Kebbe a kan jaki. Al'ada ce mai cikin fari ta koma gidansu ta haihu, amma lokacin bai yi ba. Bai shiga gidan ba, ya tsaya a inuwar bango. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa.

"Na zo in tafi da ɗiyata," in ji shi. "Ba ni da faɗa da kai. Ubanka mutumin kirki na, kuma abin da kaka yi shi za shi yi. Amma ba ta dawowa gidan ga, ita da abin da za ta haifa, sai abin ga ya fita."

Na ce, "Baba, shekara guda ta."

"To shekara guda."

Suruki ba a ja-in-ja da shi. Matata ta fito da ƙunshin kayanta a ka, idonta ja. Gaban ubanta ba ta iya yi mini magana ba. Ta wuce ta kusa da ni, ta ce a hankali ta bar mini daddawa a cikin tukunyar bayan ƙofa. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa, sai na je na zagi jakin da ya tsaya a gindin kaɗanyar.

Na ci gaba da cigiya. Kowace ranar kasuwa sankira na ɗaga murya, amma muryar tana raguwa, har ta koma kamar mai ba da haƙuri. In ya fara, sai ka ga masu awo sun daina awo, kowa ya saci kallon sama. Mutane suka bar ba ni kaya. Wai duk abin da ya hau mangalar da ta ɗauko shi ba a san me ya shafa ba. Mai furar da nake tsayawa wajenta a hanya ta ware mini ludayi daban. Akwai kuma wani ɗan kasuwa da ya ja ni gefe ya ce in sun zo in fara aiko masa, yana son ya ji ko suna sayen fata. Shi kaɗai ya ba ni dariya a duk watannin nan.

Ranar da ba na mantawa bayan an yi girbi ce. Kasuwa ta cika, rana ta take tsaka, sankira ya gama faɗin ƙyalle da akwati ke nan, sai aka ji wani gurnani daga sama, can nesa. Wata mata ta nuna da yatsa ta kurma ihu. Wani abu ne ƙarami yana walƙiya, yana tahowa ta gabas.

Ban taɓa ganin kasuwa ta watse haka ba. Ƙwaryar nono ta kife, rumfar mahauta ta faɗi, awaki suka tsinke igiya suka bi ta kan mutane. Uwaye suna kiran 'ya'yansu, maza manya suna salati suna gudu da takalmi a hannu. Wani ya shige ƙarƙashin buhuna. Sankira kuwa ko ƙurarsa ban gani ba. Ni na kasa motsi. Ba jarumta ba ce, tsoro ne ya dasa ni a wurin. Abin da ya fi firgita ni shi ne na tarar ban shirya ko kalma ɗaya ba. Wata da watanni ina kiran mutane su zo, ban taɓa tunanin me zan ce musu ba. Sallama zan yi? Durƙusawa zan yi kamar gaban suruki? In ba su da kunne fa? Na tsaya a tsakiyar tumatir da aka tattake, ina ta maimaita “ga kayanku, ga kayanku”, ina kuka kamar yaro.

Abin ya wuce ta kanmu ya nufi yamma. Jirgin sama ne, irin wanda wasu daga cikinmu sun taɓa gani ba sau ɗaya ba. Amma ranar babu wanda ya gane shi sai da ya wuce. Mutane suka dawo suna tsintar kayansu, kowa na kunyar haɗa ido da ɗan uwansa, kunyar kuwa a kaina ta sauka. Wata tsohuwa da nononta ya zube ta zage ni tas, har da kakannina. Sankira ya aiko mini da goron ranar, ya ce in nemi wani.

Babu wani. Daga nan da bakina nake yi. In tsaya a bakin kasuwa, in ɗaga murya, mutane su buɗe mini fili. Da dare ya yi in rufe ƙofa, da gari ya waye in fara leƙa rumbu in ga ko abin yana nan. Kakata ta ƙi barin gidan. Ta ce ta tsufa da gudu, kuma tana son ta ga ko sun fi na farko muni.

Da sanyi ya shigo aka aiko daga Kebbe, matata ta sauka lafiya, mace aka samu. Manzon ya ƙara da cewa ragon suna in ba wani ya kai, kada in zo. Na ba wani ya kai. Ranar suna ina zaune a gindin rumbu kamar mai gadi, ina ƙoƙarin zana fuskar jaririyar da ban gani ba. Nan na yi ta roƙon Allah, ba don su zo ba, ba don kada su zo ba, na ma daina sanin wanne nake so. Roƙona ɗaya, matata da 'yata su dawo gida. Na aika wa surukina mutane sau da yawa, har liman ya sa baki. Amsar ba ta canza ba.

Aka yi arba'in, shiru. Sanyi ya wuce, zafi ya fara. Wata rana da la'asar ina gyaran akumarin jaki sai na ji sallama a ƙofa, muryar da na sani. Matata ce, da goyo a baya, ƙafarta duk ƙasa. Gwaggonta ce ta rako ta, amma ta tsaya can bakin hanya, ta ƙi ƙarasowa. Na miƙe na rasa abin yi da hannuwana.

"Baba ya yarda?"

"Ya gaji da ni," in ji ta. "Kullum ina tsaye bayan gida ina kallon wajen Tambuwal, in ga ko hayaƙi ya tashi. Ba ni ci, ba ni barci, nono na son ƙafewa. Nic ce mai in za su zo, gara su iske mu wuri guda. Ba ni iya zama can ina jiran a zo a faɗa mani."

Ta kwance goyon ta miƙo mini. Kunyar ɗan fari ta hana in nuna komai gaban kakata, amma na karɓa. Yarinyar tana barci, bakinta a buɗe, gashinta ya jiƙe da gumi. Ta fi akwatin nauyi, kuma tana da ɗumi. Kakata ta yi guɗa da muryar da ta rage mata, ta ce ga wadda za ta ƙwace mata miji ta iso.

Abin da na yi wata da watanni ina roƙo ke nan, ga shi a hannuna. Matata ta shiga ɗaki ta shimfiɗa ta, ta fito ta hura wuta kamar jiya ta bar gidan. Ni kuma na zauna, na dubi ƙofar ɗakin, na dubi rumbu. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Yarinyar ta farka ta yi ɗan kuka, sai na ji tsoron da duk wanda na ji a baya wasa ne. A kasuwa kaina na ji wa. Yanzu kuwa na ga abin yana saukowa sannu sannu a tsakar gidan nan, na ga kaina tsaye na kasa motsi, ita kuma tana kwance a bayan labulen kara. A zaune a wurin na fahimci surukina, har na ji kunyar mutanen da na yi ta aika masa.

Na ce wa matata gobe zan mai da su Kebbe.

"Ba inda nika zuwa," in ji ta, ba ta ko ɗago daga murhu ba.

Na san ta. Na tashi na shiga rumbu, na fito da ƙyallen da akwatin, na naɗe su a tabarma. Ina da gona a bayan gari, nesa da gidaje, da 'yar bukkar da nake fakewa in ruwa ya tare ni. Na je wajen liman na tambaye shi ko amana tana ɓaci in ta bar gida. Ya ce ba ta ɓaci muddin tana inda mai riƙonta yake. Na ce to mai riƙonta ya tashi. Da na dawo ɗaukar bargo matata ta tare ƙofa tana kuka, ta ce ba don wannan ta tako daga Kebbe ba. Na ce na sani. Kafin magariba ina bukka.

A can na yi sauran shekarar. Na sa wa raina cewa in sun zo, wanda ya taɓa kayansu za su bi, saboda haka ko gidan ban ƙara takawa ba. Matata ta kan kawo mini tuwo bakin gona ta ajiye a gindin wata tsamiya, ta ja baya, mu yi magana daga nesa. Na hana ta zuwa da goyo. Daga bakinta na ji yarinyar ta fara zama, ta yi haƙori, ta fara rarrafe ta kifar da tukunyar kakata. Damina ta sauka, na yi shuka, na yi noma, ranar kasuwa in shiga gari in yi cigiyata in koma. Duk tsawar da aka yi sai na fito cikin ruwa na duba sama. Mulkin kan da ake ta shiri har waƙoƙinsa nake jiyowa daga gari, ni kuwa ina tsaron kayan wasu masu mulkin da ban san ko suna nan ba.

Babu wanda ya zo. Shekaru da yawa bayan haka wani jikana da ya yi karatu ya ce mini wataƙila na'urar auna iska ce, irin wadda ake sakewa ta tashi ta faɗo. Na ce wataƙila. Masu auna iskar ma ba su zo sun siffanta ba.

Da watan da na tsince shi ya kewayo, na je wajen liman. Ya ce cigiya ta cika, in ga dama in riƙe, in ga dama in bayar sadaka. Na tambaye shi wa zai karɓa, sai ya yi murmushi. Na koma na rataye shi a reshe mafi tsawo na tsamiyar bakin gona, inda mai zuwa daga sama zai fara ganinsa kafin ya ga gari. Na yi wanka, na sa rigata mai kyau, na nufi gida da hantsi.

Na iske su a tsakar gida. Kakata tana tsintar wake, matata tana daka, yarinyar tana zaune a tabarma tana cin ƙasa. Ta yi ƙiba, ta yi kama da mahaifina har abin ya ba ni tsoro. Na yi sallama, na tsuguna a gabanta, na miƙa hannu biyu. Ta dube ni, ta dubi gemun da na tara a bukka. Leɓenta ya fara rawa. Sai ta ƙwalla ƙara, ta juya da rarrafe iya ƙarfinta, ta shige tsakanin ƙafafun uwarta ta ƙanƙame zane.

"Babanki na," in ji matata. "Dubi, babanki na."

Ta ƙi dubawa. Na zauna a ƙasa nesa da tabarmar, na ajiye hannuwana inda za ta gan su. Ina nan zaune har inuwar rumbu ta juya, tana leƙo ni ta bayan zane tana komawa.